Neman kalma: me za mu kira "significant" a binciken likitanci?

Malamai da 'yan'uwa masu fassarar labaran lafiya, akwai kalmar da aka daɗe ana yi mata fassarar da ke ɓatar da mai karatu, wato "significant" ta Turanci, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke gamuwa da ita a Faransanci da sunan "significatif". Kusan kowa "mai muhimmanci" yake cewa, wasu kuma su ce "gagarumi". A hirar yau da kullum babu laifi, amma a mujallar likitoci da kundin digiri kalmar tana ɗauke da ma'ana ta lissafi, wadda ba ta ce komai ba game da girman amfanin magani.

Mai bincike yakan raba majiyyata gida biyu, ya ba wa gida ɗaya magani, ya bar ɗayan, sannan ya tambaya: in da a ce maganin ba ya yin komai, sau nawa za a ga tazara irin wannan, ko wadda ta fi ta, tsakanin gidajen biyu? Amsar ita ce ƙimar p. Idan ta gaza 0.05, wato sau biyar cikin ɗari, sai a kira sakamakon da wannan kalma. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya yaɗa wannan iyaka a littafinsa na 1925, kuma don sauƙin aiki ya zaɓe ta.

A ce an gwada maganin hawan jini a kan dubban mutane, ya rage awon jini da maki ɗaya tak. Saboda yawan mutanen, ƙimar p za ta iya yin ƙasa ƙwarai, alhali likitan da ke duba tsohuwa mai awon 170 ya san maki ɗaya ba zai canza mata komai ba. Idan ɗan jarida ya karanta a rediyo cewa maganin ya kawo "sauƙi mai muhimmanci", mai saurare zai tafi kantin magani da kuɗinsa bisa abin da binciken bai faɗa ba. Ɗaya ɓangaren ya fi ɓarna: ɗalibi ya tara majiyyata kaɗan, ƙimar p ta zarce 0.05, sai ya rubuta cewa "babu bambanci", ko maganin "ba shi da tasiri", alhali ƙarancin mutanen ne ya hana shi gani. Masana ƙididdiga Douglas Altman da Martin Bland sun yi gargaɗi a kan wannan a mujallar BMJ a 1995. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri ko muhimmancin sakamako, kuma a 2019 masana fiye da 800 suka sa hannu a wani kira a mujallar Nature na a daina raba sakamako gida biyu da wannan iyaka. Tunda masu kalmar ma suna kokawa da ita, bai kamata mu kwaso ruɗanin mu zuba a Hausa ba.

Shawarata ita ce mu ce "sakamako mai wuyar arashi". Na auna kalmomin da ke kusa kafin in tsaya a nan. Sa'a da katari da dace duk suna nuni ga alheri, tsautsayi kuwa ga sharri, alhali lissafin bai karkata ga ɗayansu ba. Ƙaddara tana da matsayi a addini wanda bai dace a ja shi cikin wannan magana ba. Arashi shi ne haɗuwar abubuwa ba tare da shiri ba, kamar yadda ake cewa zuwansa ya yi arashi da ranar kasuwa, kuma abin da ake nufi ke nan.

Da gangan na ce "wuya". Wani zai so a ce "wanda ya fi ƙarfin arashi" don ya fi daɗin faɗa, amma wannan alkawari ne da lissafin bai ɗauka ba, domin abu mai wuya yana faruwa. Idan mai kundi ya yi gwaji 20 masu zaman kansu a inda babu bambancin komai, yiwuwar ɗaya aƙalla ya faɗo ƙasa da 0.05 ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Masu wani binciken magungunan zuciya da ake kira ISIS-2, wanda ya fito a mujallar Lancet a 1988, sun nuna hatsarin yayyanka bayanai a fili. Sun bi majiyyata 17,187 da ake zaton bugun zuciya ya kama su, suka tabbatar asfirin yana rage mutuwa, sannan suka rarraba su bisa burujin haihuwa, sai ga shi amfanin bai bayyana ga waɗanda aka haifa a burujin Jauza'u da na Mizani ba. Arashi ne zalla, kuma sun buga shi ne don masu karatu su yi hattara da irin wannan rarrabawa.

Kishiyar kalmar kuwa, ina ganin mu ce "sakamakon da arashi kan iya kawowa", domin wannan ya bar ƙofa a buɗe, bai yanke cewa babu bambanci ba. "Muhimmanci" sai mu keɓe ta ga amfanin da majiyyaci zai ji a jikinsa, ta yadda mai fassara zai iya rubuta cewa ragin mai wuyar arashi ne, amma ba shi da muhimmanci ga majiyyaci, jimlar da ba ta yiwuwa da tsohuwar fassara ba tare da tufka da warwara ba.

Abin da ya rage shi ne kishiyar ta yi tsawo ga kanun labari. Ina roƙon malamai na Sakkwato da Damagaram da Maraɗi su faɗa mana ko "arashi" tana da wannan ma'anar a bakin mutanensu, kuma wanda yake da gajeriyar kishiya da ba ta rufe ƙofar ba ya kawo ta mu auna.