Fitsari bai ƙyale ka ba, gwaji kuma bai nuna komai ba

Wasu na fama da yawan jin fitsari, an auna musu sukari, an duba fitsari, an ce lafiya lau. Amma mutum na tsakiyar taro hankalinsa na kan ƙofar bayan gida. Abin akwai takura.

Shawarar da ta fi yawa, ni ma ita na fi yarda da ita, ita ce rubutawa. Kwana 3 kana rubuta abin da ka sha, da lokacin, da sau nawa ka zaga. Mai lafiya kan yi sau 6 zuwa 8 a yini. Da yawa a takardar suka gane kofi ko shayi ne ke tsokanar mafitsararsu.

Sai horar da mafitsara. Idan fitsari ya matsa, kada ka zabura. Zauna, ja numfashi, matse tsokokin da ake riƙe fitsari da su, matsin yakan lafa. Ka jinkirta minti 5, sannu a hankali har 15. Makonni ake ɗauka, sai da haƙuri. A kuma daina zuwa "don kada ya kama ni a hanya", wannan na saba wa mafitsara da ɗan kaɗan.

Kada a ƙaurace wa ruwa, fitsari mai kauri ya fi tayar da mafitsara. A dai rage sha awa 2 kafin barci. Taurin bayan gida da fargaba ma suna ƙara abin.

Jini a fitsari, zazzaɓi, zafi, ƙishirwa marar yankewa ko rama, waɗannan a koma wurin likita ba jinkiri.