Wace kalmar Hausa za mu ba "feftid"?

1. Ƴan'uwa, ina neman shawara. Ina shirya bayani ga masu kiwon jar akuya a nan Maraɗi kan yadda jikin akuya ke tsayawa kusan digiri 39, da hunturu da bazara. Sai na tsaya cik a kan kalmar da muka koya da Faransanci a lakkol: feftid.

2. Feftid ƙwayoyin amino asid ne, wato ƙananan tubalan ginin jiki, a jere kamar duwatsun wuya, amma kaɗan. In jerin ya yi tsawo, furotin ke nan. Ƙwaƙwalwa na ƙera wasu feftid, suna aiki a wani ɗan gurbi da ke gindinta, haifotalamus, inda ake daidaita ɗumin jiki. Ɗumi na ce da gangan, don in ka ce wa makiyayi "zafin jiki", masassara zai ji.

3. Wani malaminmu ya ce a kira su "masu sanyaya jiki". Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Gaskiya ne wani feftid mai suna nurotansin, mai ƙwaya 13, wanda aka fara cirowa daga ƙwaƙwalwar shanu a 1973, yana sauke ɗumin ɓera in an zuba shi cikin ƙwaƙwalwarsa. Bombesin ma haka yake yi wa ɓeran da ke cikin sanyi, shi kuwa daga fatar wani kwaɗon Turai aka samo shi. Basofiresin, mai ƙwaya 9, yana danne masassara, kuma masu bincike a Kanada sun danganta shi da yadda tunkiya mai shirin haihuwa ba ta cika yin masassara ba. Amma wani feftid da ake kira TRH a taƙaice, mai ƙwaya 3 kacal, ɗaga ɗumi yake yi, har yana farkar da kuregen da ya shiga dogon barcin hunturu. Ina sanyayawar a nan? Ga shi kuma da an ambaci "sanyi" a kasuwa, sai hankali ya tafi ga ciwon sanyi.

4. Wata yayarmu ta kawo "ɗan aike". Ya yi daɗin faɗa, yaya, sai dai jiki cike yake da ƴan aike iri-iri.

5. Ni dai na fi son a bi sifa: "guntuwar sarƙa". Furotin doguwa, feftid guntuwa, na ƙwaƙwalwa kuma "guntuwar sarƙar ƙwaƙwalwa". Na gwada ta ga wani dattijo mai awaki, sai ya tambaye ni: "Ɗana, ƙwaya nawa ke cikin ta masassarar?" Na ce tara, baba. Da wannan kalmar zan yi bayanin, sai in wani ya zo da wadda ta fi ta.