Shin shayi yana kwantar da hankali? Ga abin da aka ce

Jama'a, na bi muhawarar da aka yi kan ko shayi yana kwantar da hankali tun daga farko, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa shayi mai zafi bayan magariba yana sauke gajiya, musamman da hunturu. 'Yan kasuwar Kwari da Singa sun fi kowa nanata wannan.

2. Inda aka rabu: shayin ne ko zaman? Wasu sun ce ganyen yana ɗauke da sinadarin L-theanine mai sa nutsuwa. Wasu suka ce a'a, sirrin yana kan benci: hira, ƙamshin citta, da kallon mai shayi yana sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ni ma nan na fi karkata, don ranar da na sha a tsaye ina sauri, hankalina bai kwanta ba.

3. Barci ya fi jawo gardama. Lipton da koren shayin Buzaye duk suna da kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, kuma yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Da yawa sun ce in suka sha mai kauri ƙarfe 10 na dare, sai ido biyu har asuba. Kaɗan sun ce su ko a jikinsu.

4. Mai son na dare ya dafa citta, kanumfari da na'a-na'a kawai, ban da ganyen shayi.

5. A rage suga. Masu ƙarancin jini, musamman mata masu ciki, su guji haɗa shayi da abinci, domin yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke zuƙa.