Wa ke tunawa da Lawrence Colburn?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, wace rawa Lawrence Colburn ya taka lokacin kisan kiyashin ƙauyen My Lai, tunda matuƙin jirgi Hugh Thompson kaɗai ake yawan ambata?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Shi ne sojan Amurka mai riƙe da bindiga a jirgi mai saukar ungulu da Thompson ya saukar ranar 16 ga Maris 1968 a Biyetnam, tsakanin sojojin Amurka da ƙauyawan da suke karkashewa, har aka ceci wasu. Ya rasu a 2016.

Hajiya Babba: Malam, kada a manta da na ukunsu, Glenn Andreotta, wanda ya ciro yaro da ransa daga cikin gawarwaki, aka kashe shi a fagen yaƙi bayan mako uku. Sai 1998 aka karrama su yadda ya kamata, kuma wannan jinkirin yana min ciwo ƙwarai.