Indiya da Pakistan a kan ma'auni: ina lissafi ke karkacewa?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Duk sanda Indiya da Pakistan suka ɗaga wa juna yatsa sai a cika mu da jadawali: ga yawan sojoji, ga tankoki, ga kuɗi, wai an gama hukunci. Ku da kuka saba da aikin alƙaluman nan, ku nuna mana inda ake zamewa.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Zamewar farko wajen juya kuɗi zuwa dala take. A 2024 tattalin arzikin Indiya ya haura dala tiriliyan 3.5, na Pakistan bai kai biliyan 400 ba, kusan ninki goma ke nan. Amma a farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai rupee 180 na kuɗin Pakistan ba, kafin tsakiyar 2023 ta haura 280. Wanda ya ɗauki canjin wannan lokaci zai ga ƙasar ta rame fiye da ramar da ta yi a zahiri. A yi amfani da matsakaicin canji na shekara, ba na rana ɗaya ba.

Sannan a raba da yawan jama'a. Indiya ta wuce mutum biliyan 1.4, ƙidayar Pakistan ta 2023 ta ba da kimanin miliyan 241. Da an raba, ninki goman nan sai ya dawo ƙasa da ninki biyu. Wani ƙaramin tarko kuma: shekarar kasafin Indiya daga Afrilu zuwa Maris take, ta Pakistan daga Yuli zuwa Yuni. Mutum na iya ɗora alƙaluma biyu gefe da gefe alhali ba watanni ɗaya suke magana a kai ba.

Alhaji Sabo:
Hajiya ta yi daidai. Ni dai in za a ba ni lamba ɗaya tak, asusun ajiyar kuɗin waje zan zaɓa, domin da shi ake sayen mai da kayan gyaran jirage. A Fabrairun 2023 ajiyar babban bankin Pakistan ta faɗi ƙasa da dala biliyan 3, abin da ba zai biya kayan shigowa na wata guda ba. Ta Indiya kuwa a lokacin ta haura biliyan 500. Shi ya sa Pakistan ta sake komawa wa Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF), aka amince mata da rancen biliyan 7 a 2024.

Cinikin da ke tsakaninsu kuwa, kada ku yarda da takardun kwastam kaɗai. Bayan harin da aka kai wa jami'an tsaron Indiya a Pulwama, yankin Kashmir, a Fabrairun 2019 Indiya ta ɗora harajin kashi 200 cikin 100 a kan kayan Pakistan, a Agustan shekarar kuma Pakistan ta dakatar da ciniki saboda Indiya ta soke matsayin Kashmir na musamman. Kaya ba su daina tafiya ba, hanya suka canza. Su bi ta Dubai, a sake musu takarda, su iso Karachi da sunan wata ƙasa. Kuɗin dako ya ƙaru, littafi kuma ya nuna kamar babu ciniki.

Kyaftin Isa mai ritaya:
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in shiga ɓangaren soja, nan ne aka fi yin kwaɓa. Cibiyar SIPRI ta Sweden, mai bin diddigin kuɗin da ƙasashe ke kashewa kan soja, ta ƙiyasta Indiya ta kashe kimanin dala biliyan 86 a 2024, Pakistan kimanin biliyan 10. Wannan alƙalumi an daidaita shi. Matsalar tana ga masu ɗauko kasafin da kowace gwamnati ta karanta a majalisa. Kasafin ma'aikatar tsaron Indiya ya haɗa da fansho, wanda ke cin wajen kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Pakistan kuwa tun 2000 ta fitar da fanshon sojoji ta mayar da shi ɓangaren farar hula. Ko dai ka cire daga nan, ko ka ƙara a can, in ba haka ba ka auna buhu da kwano.

Yawan dakaru ma haka. Indiya na da kusan miliyan 1.4, Pakistan wajen dubu 650. To amma Indiya iyakoki biyu take tsaro. Tun arangamarta da Sin a kwarin Galwan a Yunin 2020, inda sojojinta 20 suka mutu, dakaru masu yawa suna kan tsaunukan iyakar Sin, kuma ba a kwaso su cikin kwana biyu.

Jirage kuma ba ƙirga su ake yi a tashi ba. A tambaya nawa ne za su iya tashi yau, kuma wa ke ba da kayan gyara. Kusan kashi 80 na makaman da Pakistan ke saye daga Sin suke, jirgin yaƙi na JF-17 ma tare suke ƙera shi a garin Kamra na Pakistan, saboda haka kayanta suna jin yaren juna. Indiya ta haɗa na Rasha da Rafale na Faransa da na Isra'ila da na Amurka. Ba mai riƙe mata wuya shi kaɗai, amma kowanne da makanikinsa da rumbun kayansa.

Hajiya Rabi:
Kyaftin, nukiliya fa? Tunda dukansu sun yi gwaji a Mayun 1998.

Kyaftin Isa mai ritaya:
Nan sun yi kusan kunnen doki, Hajiya, kowa na da kawunan nukiliya wajen 170 bisa ƙiyasin 2024. Bambancin a manufa yake. Indiya ta ce ba za ta fara harbawa ba, Pakistan ta ƙi ɗaukar wannan alkawari, domin da shi take toshe giɓin da ke tsakaninsu a sojojin ƙasa. A teku ne tazarar ta fi fitowa fili: Indiya na da jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi guda biyu, Pakistan ba ko ɗaya, ga shi mafi yawan kayanta ta tashoshin Karachi suke shiga, waɗanda sojojin ruwan Indiya suka taɓa kai wa hari a Disambar 1971.