In ɗan wasan dandamali ya ce "ni abin ya faru da ni", ya halatta ya ƙara gishiri?

Sadiq: Ni dai a wurina dandamali ba kotu ba ne, mai ba da labarin rayuwarsa in ya ɗan ƙara gishiri ba laifi. Ku duba Mike Daisey, ɗan wasan dandamali na Amurka, ya je birnin Shenzhen na China a 2010 ya dawo yana ba da labarin wahalar ma'aikatan Foxconn masu haɗa kayan Apple, shi kaɗai zaune gaban tebur da kofin ruwa, kuma ya girgiza mutane.

Maryam: Haba Sadiq, ai misalin nan naka shi zai kayar da kai. Shirin rediyo na This American Life ya sa labarin a Janairun 2012, a Maris suka janye shi, don wani ɗan jarida ya nemo tafintar da ta raka shi ta ce ita ba ta ga masu gadi da bindiga da ya ce ya gani ba, kuma ma'aikatan da ya ce ya haɗu da su, waɗanda sinadarin n-hexane ya illata, a wani gari daban, Suzhou, abin ya faru, shi bai haɗu da su ba sam.

Sadiq: To amma an illata sun ko ba a illata su ba?

Malam Habu: An illata su, amma cewa ya yi shi ya gani da idonsa, kan wannan 'yan kallo suka tausaya. Wanda ya san ƙirƙira ce ai ba haka zai zauna ba.

Zee: Malam ku duk 'yan kallo kuke ji, shi mai wasan fa? Hannah Gadsby, mai wasan barkwanci ta Ostireliya, ta jima tana ba da labarin wani mutum a tashar bas ana dariya, sai a wasanta Nanette ta faɗi ƙarshen da take yankewa, ashe dukanta ya yi. Kullum ka hau ka tono wannan gaban baƙi wallahi ba ƙaramin abu ba ne, in mutum ya ɓoye wani sashe ni ban ga laifinsa ba.

Maryam: Zee ɓoyewa daban, ƙagowa daban. Ita nata ciwon ta rage, shi na wasu ya ara ya yafa.

Sadiq: Aunty Maryam ni fa har yanzu ban sauka ba. Rediyon ne suka ɗauki wasa suka sa a layin jarida.

Maryam: Sun tambaye shi lambar tafintar kafin su sa, ya ce ba ya samunta. Wannan ma wasan ne?