Ƙaramar bindiga mai tsada: abin da majalisa ta ce

A wata majalisa a Ƙofar Soro, Katsina, an tattauna ko ƙaramar bindiga mai tsada ta cancanci kuɗinta. Tsofaffin sojojin wurin suka ce a'a. Misali, ƙaramar bindigar Glock 17, ƙirar Austriya ta 1982, ba ta da kwalliya, amma 'yan sandan ƙasashe da yawa sun dogara da ita don ba ta cika cijewa ba. Masu tsadar, laushin kunama da kyan ƙarfe ake biya, kuma masu gasar harbi ne ke morarsu.

Maganar wani dattijo ta fi kama ni: Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar fistol, wato ƙaramar bindiga, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ya ce, "Yarana, duk wadda aka yi muku tallarta a ɓoye, hanyar gidan yari ce."